Fontainebleau ta Faransa da otal ɗin Fontainebleau na Miami, me ya haɗa su?

Tambaya: Salam Malam. Na karanta cewa a Fontainebleau Napoleon ya sauka daga mulki, sai kuma na ga bidiyon wani katafaren otal a bakin teku a Miami shi ma Fontainebleau, har da wani a Las Vegas. Fadar ce aka mayar otal, ko zuri'ar sarakunan ne suka gina shi, ko suna ne kawai ya zo ɗaya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Suna ne kawai. Fadar tana nan inda take a Faransa, gidan tarihi ce a hannun gwamnati, ko nawa za ka biya ba za a ba ka ɗaki ka kwana ba. Otal ɗin kuwa wani ɗan kasuwa haifaffen New York ne ya gina shi a 1954, babu jinin sarauta ko ɗigo a jikinsa, ba ma Bafaranshe ba ne. Amma in na tsaya nan na cuce ka, don ni a wajena wuraren biyu sun fi kama da juna fiye da yadda Faransawa za su so a faɗa. Tarihin gine-gine da harkar yawon buɗe ido na karanta, kuma fadar nan na cikin waɗanda na fi daɗewa a kansu, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Garin Fontainebleau ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce 15,000 da ɗoriya ba, yana kudu maso gabas da Paris kamar tafiyar kilomita 55 zuwa 60. Abin da ya haife shi daji ne. Wani ƙungurmin daji ne ya zagaye shi, sama da hekta 20,000, cike da barewa da aladen daji da duwatsu, su kuma sarakunan Faransa ba abin da suke so irin farauta. Takarda mafi tsufa da ta ambaci gidan sarki a wurin ta 1137 ce, zamanin Louis na 7. A lokacin ba wata fada ba ce, gidan farauta ne mai ganuwa da hasumiya. A 1169 Thomas Becket, babban limamin Canterbury da ya gudo daga sarkin Ingila, shi ya tsarkake majami'ar gidan, shekara ɗaya bayan nan ya koma gida aka kashe shi. Louis na 9 ya kafa wa wasu limamai mazauni da asibiti a wurin a 1259. Philippe na 4 kuma a nan aka haife shi a 1268, a nan ya mutu a 1314.

Ka lura fa, ba babban birni ba ne, bai taɓa zama ba. Kamar dai yadda Sarkin Kano ke da Gidan Rumfa amma yana da gidaje a Fanisau da Ɗorayi da yake fita zuwa, to haka Fontainebleau take, sai dai su in sun fita sukan yi makonni, galibi da kaka lokacin farauta, kuma gwamnati gaba ɗaya ake kwasowa. Ministoci, jakadu, fadawa, masu girki, masu kula da dawaki da karnuka, mawaƙa, dubban mutane. Duk wannan jama'a sai an ba su wurin kwana da abinci da ciyawar dabbobi, to kaga yadda gari ya tsiro a bakin ƙofar fada. Manyan masu sarauta suka gina gidajensu kusa don kar sarki ya waiwaya bai gan su ba, talakawa suka buɗe masaukai da gidajen abinci. Wato tun asali garin da saukar baƙi yake ci.

Wanda ya mayar da gidan farauta ya zama abin da ake zuwa kallo yau shi ne François na 1, kuma labarinsa shi ne ginshiƙin abin da nake son ka gane. Wannan sarki ya je yaƙi Italiya, aka ci shi da yaƙi a Pavia a 1525, aka kama shi aka kai shi Madrid a tsare, sai a 1526 ya dawo gida bayan ya bar 'ya'yansa biyu jingina. Kunya ba ta wuce wannan ba. Abokin gabansa Charles na 5, sarkin Sifaniya, ya fi shi ƙasa ya fi shi soja, har ta kai François ya nemi ƙawance da Sarkin Daular Usmaniyya, Sulaiman, abin da ya girgiza Turai a lokacin. To abin da bai samu a fagen fama ba sai ya ce zai same shi ta wajen gini da ado. A 1528 aka fara rushe tsohon gida ana sabon aiki, magini Gilles Le Breton na jagoranta, sannan ya aika Italiya aka ɗauko masa gwanaye, Rosso Fiorentino a 1530, Primaticcio a 1532, daga baya Benvenuto Cellini maƙerin zinariya shi ma ya yi masa aiki. Rosso da Primaticcio su suka ƙawata dogon zauren nan da ake kira da sunan François, kusan mita 60, rabin bangon na ƙasa katako ne sassaƙaƙƙe, na sama zane ne da mutum-mutumi na farar ƙasa sun zagaye kowane zane, ko ina ka duba harafin F ne da tambarinsa, wata dabba mai kama da ƙadangare a cikin wuta. Ana cewa makullin zauren a hannunsa yake zama, sai baƙon da ya ga dama yake zagayawa da shi yana masa bayani da kansa. A ƙarshen 1539 kuwa Charles na 5 ɗin nan da ya taɓa tsare shi ya zo ya sauka a Fontainebleau, François ya samu abin da yake so, ya nuna masa. Hoton Mona Lisa ma a nan ya zauna shekara da shekaru kafin a kai shi fadar Versailles da ke kusa da Paris, daga can gidan tarihi na Louvre.

Ka riƙe wannan: mutum ya ga abu a ƙasar wasu ya burge shi, ya kwaso salon ya kawo gida ya cakuɗa da nasa don ya burge mutane. Za mu sake haɗuwa da irinsa.

Bayan François kowane sarki ya zo sai ya ƙara nasa, shi ya sa fadar ba ta da tsari ɗaya kamar Versailles. Henri na 2 ya kammala zauren rawa. Henri na 4 ya ƙara farfajiya ya haƙa doguwar madatsar ruwa mai tsawon mita 1,200, ɗansa Louis na 13 a nan aka haife shi a 1601, kuma a zamaninsa, wajen 1632 zuwa 1634, aka yi matakalar nan mai siffar kofaton doki wadda ita ce fuskar fadar a duk hoton da za ka gani. Ɗakuna sun kai 1,500, lambuna da fili hekta 130. In ka shiga sai ka fita daga ɗakin ƙarni na 16 ka faɗa na ƙarni na 19 ba sallama, har da wani ɗan ɗaki na sarauniya Marie Antoinette da aka yi wa ado irin na Turkawa a 1777, wai a yadda su Faransawa ke zaton Turkawa suke.

Abubuwa marasa daɗi ma sun faru a ciki. A 1657 Christina, sarauniyar Suwidin da ta ajiye sarauta take zaune a fadar a matsayin baƙuwa, ta sa aka kashe wani bafadenta ɗan Italiya, Monaldeschi, a cikin ɗaya daga zaurukan, bisa zargin cin amana, a gidan mutane fa. Wanda ya fi wannan muni shi ne na watan Oktoban 1685, lokacin da Louis na 14 ya sa hannu a dokar da ake kira dokar Fontainebleau, ya soke 'yancin addini da kakansa Henri na 4 ya bai wa 'yan Furotesta a 1598. Aka rushe majami'unsu aka kori limamansu, masana tarihi na ƙiyasin kusan mutum 200,000 suka bar ƙasar, da yawansu masu sana'a ne da 'yan kasuwa, suka tafi Holan da Ingila da Berlin, wasu har Afirka ta Kudu. Faransa ta yi wa kanta asara da hannunta, maƙwabta suka kwashi garaɓasa. A 1762 kuma a nan aka ƙulla yarjejeniyar sirri da Faransa ta miƙa wa Sifaniya yankin Louisiana, to in kana neman wata alaƙa ta gaske tsakanin fadar da ƙasar Amurka, wannan ta fi ta otal ƙarfi.

Sai Napoleon da ka tambaya. Juyin juya halin 1789 bai rushe ginin ba amma an yi gwanjon kayan ciki, fada ta zama kango. Napoleon bai so Versailles ba, ƙamshin gidan sarautar da aka tumɓuke ya yi yawa a can, sai ya zaɓi Fontainebleau don yana so a ɗauke shi magajin duk sarakunan Faransa tun na farko, ba na gida ɗaya ba. A 1804 ya sa aka cika ta da kaya cikin gaggawa don ya sauki Fafaroma Pius na 7 da ya zo bikin naɗinsa. Abin dariya abin tausayi, wannan Fafaroman dai ya sake dawowa a 1812, wannan karon a tsare, ya zauna har farkon 1814. Napoleon ya mayar da tsohon ɗakin barcin sarakuna ya zama ɗakin gadon sarauta, kuma har yau kujerar tana nan da kayanta. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sojojin ƙawance suka shiga Paris a ƙarshen Maris 1814, manyan hafsoshinsa suka ce ba za su ƙara yaƙi ba, sai ya sa hannu a takardar murabus ranar 6 ga Afrilu a kan wani ɗan ƙaramin tebur da har yanzu ake nunawa. Kwanaki kaɗan bayan nan ya sha guba cikin dare, ba ta kashe shi ba. Ranar 20 ga Afrilu ya sauko ta matakalar kofaton dokin nan ya yi ban kwana da dakarunsa a farfajiya, ya sumbaci tuta, ya kama hanyar tsibirin Elba. Daga baya a tsibirin Saint Helena, inda aka tsare shi har mutuwarsa, shi ne ya kira fadar gidan sarakuna na gaskiya, gidan ƙarnuka, masu tallan yawon buɗe ido na garin har yau da maganar nan suke ci.

Sarki na ƙarshe da ya zauna a ciki Napoleon na 3 ne, har 1870, kaga sama da shekara 700 kenan ana sarauta a gida ɗaya. Matarsa Eugénie ta buɗe ɗakin kayan Sin a 1863, kuma gaskiyar magana wani kaso mai yawa na kayan ganima ce da sojojin Faransa da Birtaniya suka wawuso daga fadar bazara ta Beijing a 1860, sauran kuma kyautar jakadun Siam ce, Thailand ta yau, da suka zo a 1861. A 2015 ɓarayi sun fasa ɗakin sun kwashi wasu. Ban ce komai ba.

Da sarauta ta ƙare garin bai mutu ba, don jirgin ƙasa ya iso tun 1849, mutanen Paris suka fara zuwa shan iska a daji, masu zane suka tare a ƙauyen Barbizon da ke gefen dajin, su ne ma suka matsa har aka keɓe wani yanki a 1861 aka hana sare itatuwansa, ana lissafa shi cikin na farko-farko a duniya da aka yi wa haka. Ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN a nan aka kafa ta a 1948. Rundunar NATO ta tsakiyar Turai ta yi hedikwata a garin har shugaban Faransa de Gaulle ya sallame su suka tashi a 1967. Makarantar kasuwanci ta INSEAD da aka kafa a 1957 tana nan, ita ta sa za ka ji ana Turanci a gidajen shayin garin. A taron shugabannin Turai na 1984 a nan firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta kafe sai da aka yarda a riƙa mayar wa Birtaniya wani kaso na kuɗin da take zubawa. UNESCO ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya a 1981.

To yanzu mu tsallaka teku.

Ben Novack yaron Bronx ne, iyayensa na da otal a tsaunukan Catskill inda Yahudawan New York ke zuwa hutu, ya sauko Miami Beach wajen 1940 ya shiga harkar otal. A 1952 ya sayi gidan Harvey Firestone, mai kamfanin tayar mota, a bakin teku kan titin Collins, dala miliyan 2.3, ya rushe gidan ya ce zai gina otal ɗin da ba a taɓa gani ba. Yadda ake ba da labarin sunan, wai shi da matarsa suna yawo a Faransa suka wuce ta Fontainebleau a mota, sunan ya yi masa daɗi a kunne, ko tsayawa su shiga fadar ba su yi ba. Shi kenan alaƙar. Su kansu mutanen Miami ba sa faɗin sunan yadda Bafaranshe ke faɗa, Fawuntin Bulu suke cewa.

Wanda ya zana ginin Morris Lapidus ne, an haife shi a Odessa a 1902, aka kawo shi New York yana jariri, ya so ya zama ɗan wasan kwaikwayo bai samu ba, ya karanta zanen gini, ya shafe shekara kusan 20 yana zana shaguna, kantin takalma da na tufafi. Wannan ne babban gini na farko da aka ba shi tun daga tushe. Kuma abin da ya koya a shago shi ya zuba a otal: mutane na bin haske, mutane ba sa son tafiya a miƙe, in ka lanƙwasa bango sai su bi shi su ga me ke gaba. Shi ya sa ginin ya fito a lanƙwashe kamar jinjirin wata yana fuskantar teku, ya ce doguwar baranda miƙaƙƙiya tana gajiyar da baƙo tun kafin ya kai ɗakinsa, in ta lanƙwasa ba ya ganin nisanta. Novack dai har ya mutu yana cewa shi ya kawo dabarar lanƙwasar, Lapidus na cewa ƙarya ne, wannan rigimar ba ta taɓa mutuwa ba.

Matsalar ita ce Novack na son waje ya zama na zamani, ciki kuma ya zama na Faransa. Lapidus ya san cewa baƙin da za su zo ba su san Faransa ba, ba su taso a gidan kuɗi ba, masu sabon kuɗi ne na bayan yaƙin duniya na biyu, kuma abin da suka sani da sunan alatu a silima suka gan shi. Sai ya ce to zai gina musu silimar su shiga ciki. Manyan fitilu na lu'ulu'u, ginshiƙai, mutum-mutumi na marmara, lambu mai tsari irin na fadojin Faransa, daɓen farin marmara da aka jera masa baƙin tambari mai siffar ɗan ƙaramin laƙtayin nan mai kama da malam-buɗe-littafi da shi Lapidus yake ɗaurawa a wuya, wato sa hannunsa kenan, kamar yadda François ya cika bango da F. Abin da ya fi komai suna shi ne matakalar da ake ce wa matakalar da ba ta zuwa ko ina. A samanta ba komai sai ɗan ɗakin ajiye riguna. Mace za ta hau lifta ta je sama ta ajiye mayafin sanyinta, sannan ta sauko ta matakala a hankali da kwalliyarta, duk wanda ke zaune a harabar yana kallo. Aikinta kenan. In ka tambaye ni, matakalar kofaton doki ma kusan aikinta kenan, hawa bene ai bai buƙaci duk wannan lanƙwasar ba, an yi ta ne don a ga wanda ke saukowa.

An buɗe otal ɗin a Disambar 1954 da ɗakuna 500 da wani abu, aka gayyato magajin garin Fontainebleau na Faransa ya zo. Lapidus ya ba da labarin cewa da mutumin ya zagaya sai ya ce wannan ai bouillabaisse ce, wata miyar kifi ta Marseille da ake zuba mata duk kifin da aka samu, wato dai haɗin gambiza. Masana gini na Amurka ma haka suka ɗauke shi, manyan mujallunsu suka yi kunnen uwar shegu da ginin, waɗanda suka tanka kuma zagi ne, wai rashin aji ne. A nan ne nake rabuwa da su. Magajin garin ya manta cewa fadar garinsu ita ce uwar haɗin gambiza, ganuwar ƙarni na 12, adon Italiya, rufin Faransa, ɗakin Turkawa, kayan Sin, kujerar Napoleon. Bambancin kawai ita ta ɗauki shekara 700 tana haɗuwa har ido ya saba, shi kuma Lapidus ya haɗa nasa cikin shekara guda da kuɗin bashi. Ba ina cewa darajarsu ɗaya ba ne, aikin hannun Rosso da Primaticcio ba sa'an kayan da aka sayo a kantin tsofaffin kaya ba ne ko kusa. Amma niyyar ɗaya ce, a gina wuri da zai sa wanda ya shigo ya ji cewa mai gidan babba ne, shi ma da aka bari ya shigo ya zama wani.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin wannan da ba a cika faɗa ba. Shekaru kaɗan kafin nan otal-otal da yawa a Miami Beach ba sa karɓar Yahudawa, har allo suke kafawa. Novack da Lapidus duk Yahudawa ne 'ya'yan baƙin haure, da yawan baƙinsu ma haka, to ka ga ma'anar su gina abin da ya fi na kowa su kuma sa masa sunan fadar sarakuna. Sai dai ƙofar ba ta buɗe wa kowa ba. Baƙar fata a wancan zamanin yana iya yin waƙa ko wanke-wanke a otal-otal ɗin bakin tekun amma kwana sai ya tsallaka cikin gari, unguwar Overtown da makamantanta. Ko Muhammad Ali, daren da ya doke Sonny Liston a Miami Beach a Fabrairun 1964, can masaukin baƙaƙe na Hampton House ya tafi shi da Malcolm X.

Labarin da ɗaliban lauya a Amurka suka fi sanin otal ɗin da shi kuwa na gaba ne. Tsohon abokin kasuwancin Novack, Harry Mufson, ya sayi filin da ke jikin Fontainebleau ta arewa, ya ɗauko Lapidus ɗin dai ya zana masa otal ɗin Eden Roc. Novack ya ji kamar an ci amanarsa sau biyu. Sai ya tashi gina ƙarin bene hawa 14 a daidai iyakarsu, bangon da ke kallon maƙwabcin kusan babu taga, kuma da hunturu, lokacin da baƙi suka fi zuwa, inuwarsa na rufe wurin ninƙayar Eden Roc tun daga wajen ƙarfe biyu na rana. Mutum ya biya kuɗi ya gudo daga sanyin New York don ya sha rana, sai ya tarar da inuwa. Eden Roc suka kai ƙara, kotun farko ta dakatar da ginin, kotun ɗaukaka ƙara ta Florida a 1959 ta warware, ta ce doka ba ta ba ka haƙƙin hasken rana da iska da ke ratsowa ta filin maƙwabcinka ba, matuƙar ginin nasa na da amfani, ko da akwai ƙeta a cikin niyyarsa. Har yau ana koyar da shari'ar, bangon kuma bangon ƙeta ake ce masa. A doka ya yi nasara, a haƙƙin maƙwabtaka kam ni ban ga abin yabo ba.

Shekarun 1950 da 1960 su ne tashen otal ɗin. Mawaƙi Frank Sinatra kamar gidansu, a nan aka ɗauki shirin talabijin da ya tarbi Elvis Presley bayan ya dawo daga aikin soja a 1960, fim ɗin James Bond na 1964 ma da hoton otal ɗin daga sama labarinsa ya buɗe, wannan ya kai sunan ko ina a duniya har ya zama in ka ce Fontainebleau a Amurka ba wanda zai tuna da Napoleon. Daga nan sai kasuwa ta juya. Jirgin sama ya yi araha mutane suka fara wucewa tsibiran Karibiyan, Disney World ya buɗe a Orlando a 1971 ya janye masu iyali, Las Vegas na da caca Miami ba ta da ita, Novack ya daɗe yana jiran a halatta caca a Florida ba a yi ba. A 1977 ya karye, a 1978 Stephen Muss ya saya a kan dala miliyan 27 ya ba kamfanin otal na Hilton su gudanar. Novack ya mutu a 1985. Lapidus shi ma don takaici da ya rufe ofis a 1984 ya sa aka ƙona zane-zanensa na shekara da shekaru, sai ga shi Allah ya ja kwanansa har ya ga an dawo ana yabonsa ana ba shi lambar girma, ya mutu a 2001 yana da shekara 98. A 2012 reshen Florida na ƙungiyar masu zanen gini ta Amurka ya sa otal ɗin a lamba ta ɗaya cikin gine-gine 100 na jihar.

A 2005 kamfanin iyalan Soffer ya saya a dala miliyan 165, aka kashe kusan dala biliyan 1 a gyara, aka sake buɗewa a Nuwamban 2008 da ɗakuna 1,504, kusan daidai da na fadar, wannan kam dace ne kawai. Wani dacen kuma, duka biyun sun ci kuɗin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa: wani kamfanin gwamnatin Dubai ya sayi rabin otal ɗin a 2008 kafin Soffer ya fanshe abinsa daga baya, ita kuma Abu Dhabi ita ta biya kuɗin gyaran ɗan gidan wasan kwaikwayon Napoleon na 3 da ke cikin fadar, yanzu sunan Sheikh Khalifa bin Zayed ne a jikinsa.

Na Las Vegas ɗan na Miami ne, ba ruwansa da Faransa ko ta wajen ado. Jeffrey Soffer ya fara shi a 2007, rikicin tattalin arziki ya tsayar da aikin a 2009 an yi kusan kashi 70 cikin 100, ya zauna shuɗin kango mafi tsawo a kan babban titin gidajen caca na garin sama da shekara 10. Attajiri Carl Icahn ya saye shi a arha, kusan dala miliyan 150, ya yi gwanjon kayan ɗakin, ya sayar a 2017 a dala miliyan 600 ga su Steve Witkoff, aka canza masa suna, korona ta zo ta sake tsayar da komai, a 2021 Soffer ɗin dai ya dawo ya saye shi, aka buɗe ranar 13 ga Disamba 2023, hawa 67, ɗakuna 3,644. Gidan caca ne fa, kar ka ga hoto ka zaci wani abu daban, na Miami ma yanzu da gidan rawarsa LIV ya fi suna a wajen matasa.

In Allah ya kai ka Paris kuma kana da yini ɗaya, ni Fontainebleau zan ce ka je kafin Versailles, ba turereniya, kayan ɗakunan na nan a wurarensu, kana iya tsayawa a zauren François kai kaɗai ka ƙare wa bango kallo. Jirgi za ka hau a tashar Gare de Lyon, kamar minti 40 ka sauka a Fontainebleau-Avon, bas ya ƙarasa da kai ƙofar fada. Lambun kyauta ake shiga, cikin ginin ne ake yankar tikiti, kuma kar ka je ranar Talata, a rufe take.